Daminar da Nake da Cikin Ummi

Da sunan Allah zan ci gaba, Shi da ya ara mini kwana har na ga 'ya'yan 'ya'yana. Na riga na ba ku labarin ƙauyenmu da yadda aka kawo ni Katsina, gidan babanku a Ƙofar Marusa. Yanzu na iso wurin da na daɗe ina kewayewa. Abin da ya sa na daina kewaye-kewaye shi ne wata magana da na ji a bakin ɗayanku ranar sunan ɗan Ummi, ina ɗaki kuna hira a tsakar gida. Ba zan faɗi wanda ya yi ta ba, don shi ma ji ya yi. Cewa aka yi, Allah ya jiƙan Baba, amma mutum ne mai taurin zuciya, shi ya hana Mama zuwa ganin mahaifiyarta har ta rasu. Na san inda maganar ta fito, daga bakin yayana ne, Kawunku Lawal. Babanku ba ya nan balle ya kare kansa, kuma ko yana nan ba zai kare ba. Don haka ku saurara ku ji yadda aka yi.

Kun taso kun ga Ummi ce babbarku, amma akwai uku a gabanta. Na fari namiji ne, an yi suna, an ci an sha, bai kai ga yin dariya ba ya koma. Na biyu bakwaini ne, bai ma iya kama nono ba. Ta uku mace ce, Aisha, ita ta fi daɗewa, har na fara sakin jiki ina yi mata waƙa in ina wanki, sai ta tafi ana saura kaɗan mu yi arba'in. Dukansu ƙanana na haife su, in an naɗe su a zane sai ka ga kamar zanen ya fi su nauyi. A unguwa aka fara ce mini mai wabi. Ba da mugunta ake faɗi ba, amma in na shiga gidan barka sai in ga mai jego ta ɗan gyara wa jaririnta rufa, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Babanku shi ya ɗauki ukun nan da hannunsa zuwa makwancinsu. Duk ranar da aka yi haka, in ya dawo sai ya wuce shagonsa na kafinta a wajen Ƙofar Durbi ya yi ta goge katako har la'asar. Mahaifiyarsa, Gwaggo, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, ba ta taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Ta nemo rubutu, ta nemo saiwoyi, ta yi sadakar waina, duk abin da aka ce mata ta yi.

Da na ɗauki ciki na huɗu ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji in faɗa. Amma jiki ba ya ɓoye sirri. Na zama in na yi shara rabin tsakar gida sai in nemi bango in jingina ina haki. Tuwo ba ya shiga, sai farar ƙasa da nake ɓoyewa a bakin zane ina ɗan gutsura. Wata safiya ina jan guga a rijiya sai na ga duniya ta juya, na farka kaina a cinyar Gwaggo tana shafa mini ruwa a fuska. Aka aika aka kira babanku. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da Gwaggo:

"Mun gwada namu sau uku. Bari mu je asibiti su ma mu ji nasu."

A cikin ukun nan ban taɓa zuwa awo ba. A gidanmu da nasu ba a zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfin mutum, ciki kuwa ba a ɗauke shi ciwo ba. Washegari ya ɗora ni a bayan tsohon babur ɗinsa, yana tafiya a hankali har masu keke suna wuce mu. Matar da ta duba ni ana ce mata Sista Talatu, wata gajeriyar mata mai furfura a gaban goshi. Ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta juya tafin hannuna ta duba, ta danna ƙafata ta ga wurin ya lotsa. Aka ɗebi jinina. Sannan ta tambaye ni haihuwa nawa na yi, na ce uku. Ta ce suna ina. Na sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba, sai ta ajiye biron da ke hannunta ta jawo kujerarta kusa da ni.

"Dije, ba zan ce miki na san abin da ya ɗauke su ba, wannan sanin Allah ne," in ji ta. "Amma abin da nake gani a gabana na sani. Jininki ya yi ƙasa ƙwarai. Ɗan da ke ciki daga jikinki yake ci. In tukunya ba komai, me za a zuba masa?"

Ta ba ni ƙwayoyi iri biyu, ja masu sheƙi na ƙarin jini, da wasu 'yan mitsi-mitsi rawaya, ta ce bitamin ne da ke taimaka wa ɗa ya ginu. Ta ce kullum in sha, kada in haɗa da shayi, kada in daina don na ji sauƙi, kuma in bar farar ƙasa. Ta lissafa mini abin da zan riƙa ci, zogale, alayyahu, wake, hanta in an samu. Ta ce tunda nawa ya yi tsanani, ba za ta bar ni in daɗe ban zo ba, tana so ta riƙa ganina a kai a kai har in sauka, kuma a hannunsu take so in sauka.

Da muka dawo gida na kwance ƙwayoyin a gaban Gwaggo. Ta ɗauki ja ɗaya ta juya ta a tafin hannu kamar mai duba dutsen ado a kasuwa, fuskarta ba daɗi. Ta ce ita ta ji labarin jajayen nan. Su ne ke sa ɗa ya yi ƙato a ciki har ya ƙi fitowa, sai an kai mace an yanka. Ta ce wata ɗiyar ƙawarta a Gobarau haka aka yi mata. Na san tsoro ne ke magana a bakinta, don haka ban yi musu ba. Na dai ce:

"Gwaggo, ni ban taɓa haihuwar ƙaton ɗa ba. Ki bar ni in gani ko sau ɗaya."

Ta dube ni. Ta tashi ta shiga ɗakinta. Na ɗauka fushi ta yi, sai ga ta ta fito da wata 'yar kwalla mai murfi wadda take ajiye goro, ta juye goron a faifai, ta zuba ƙwayoyin a ciki.

"A wurina za su zauna," ta ce. "Ke mantuwa gare ki."

Tun daga ranar Gwaggo ta zama mai ba ni magani. Kowace safiya in na karya kumallo za ta zo da kwallarta da moɗar ruwa, ta tsaya a kaina har in haɗiye. Shan su bai zo mini da sauƙi ba. Jar nan tana tayar mini da zuciya, bakina ya yi ta ɗanɗanon ƙarfe har azahar, wani lokaci in yi ta yunƙurin amai. Da bayan gidana ya koma baƙi na tsorata na gaya mata. Sai ta yafa mayafi ta tafi asibitin da ƙafa, matar da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba. Ta dawo tana fifita da bakin mayafi ta ce ta ga Sistar, ta ce haka maganin yake yi, ba ciwo ba ne, kuma in yana damuna in riƙa sha bayan na ci abinci sosai. Ta ƙara da cewa ta tambaye ta maganar ƙaton ɗa, Sistar ta yi dariya ta ce a bar ta da wannan. Daga nan in Gwaggo za ta ambace ta sai ta ce ƙawata ta asibiti.

Babanku kuwa nasa aikin ba ya da surutu. In zai dawo da yamma sai ya biya wajen mahauta ya zo da 'yar hanta a ƙunshe, ya miƙa wa Gwaggo ba tare da ya ce ta wane ce ba. Ya yi magana da wata Bafillatana mai kawo nono unguwarmu ta riƙa tsayawa a ƙofarmu. Da ya ga yadda muke cika a wurin awo, benci ba ya isa, wasu a tsaye wasu a ƙasa, sai ya ƙera mini wata 'yar kujera mara nauyi da nake tafiya da ita. Matan wurin suka yi ta tsokanata suna cewa ga matar kafinta ta zo da gadon sarautarta. Ban daɗe ba na fara jin bambanci. Na share tsakar gida duka ban jingina ba. Sista Talatu ta ja idona ta ce an fara samun launi, amma da sauran tafiya. Ɗan cikin ya fara motsi da ƙarfi irin wanda ban saba ji ba, har in na kwanta da rana sai in ga rigata tana ɗagawa.

Ana tsakiyar damina, cikina ya shiga wata na bakwai, watan da na fi tsoro, sai ga Yaya Lawal daga ƙauye. Ya ce Inna, mahaifiyarmu, ba ta da lafiya, ta kwanta tun farkon shuka, ƙafafunta sun kumbura, abinci ba ya zama. Ya zo ne ya tafi da ni. Ni ce autar Inna, kuma ni kaɗai ce mace a cikin waɗanda suka rayu. Kafin ya gama magana na fara haɗa kaya. Kun san garinmu yanzu da kwalta da gada, mota tana kai ku har ƙofar gida. A lokacin ba haka yake ba. Mota tana ajiye mutum a bakin titi, ya bi hanyar jar ƙasa mai nisa, sannan ga korama wadda in an yi ruwa sai an jira ta sauka kafin a haye, wani lokaci ruwan har ƙirji. Babu asibiti ko na kusa. Sista Talatu ta riga ta gaya mana, ni da babanku, cewa kada in yi tafiya mai nisa, don in naƙuda ta zo mini kafin lokaci ko jini ya ɓalle a inda ba taimako, jikina ba shi da abin da zai jure da shi. Na san da wannan, amma a ranar ban tuna da shi ba. Babanku ya ce da Yaya Lawal:

"Bari in bi ka in gano jikin nata tukuna, in ga yadda hanya take. In ya so sai in dawo in kawo ta."

Suka tafi tare. Washegari da la'asar babanku ya dawo shi kaɗai, wandonsa duk laka har gwiwa. Na kawo masa ruwa, na jira ya sha, na tambaye shi jikin Inna.

"Tana gaishe ki," ya ce.

"Yaushe za mu tafi?"

"Ba za ki je ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce ko kwana ɗaya ne, in gan ta in juyo. Na ce zan tafi da maganina, ba zan tsallake ko sau ɗaya ba. Na ce in babur ne matsala a nemi amalanke. Bai dube ni ba, idonsa na kan moɗar da ke hannunsa.

"Na ce ba za ki je ba, Dije. Kada ki sake tayar mini da maganar."

Tunda aka kawo ni gidan bai taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Gwaggo ma ta sa baki, ta ce uwa fa ba wasa ba ce, ya dai duba. Ya ce da ita ta yi haƙuri, ya gama magana. Bayan 'yan kwanaki Yaya Lawal ya sake zuwa, bai ma shigo gida ba, ya wuce shago. Waɗanda ke wurin suka ba ni labari daga baya. Ya tsaya a bakin ƙofa a gaban mutane ya ce da babanku aure aka ba shi ba baiwa aka sayar masa ba, ya ce ya fifita ƙwayoyin asibiti a kan uwar da ta haifi matarsa. Babanku bai ɗaga kai daga katakon da yake aunawa ba. Da Yaya ya gama sai ya ce masa, Allah ya ba ta lafiya, ka gaida gida.

Na yi fushi da babanku irin fushin da ban san ina da shi ba. Ina dafa masa abinci, ina gaishe shi da safe, amma daga nan ba ƙari. In ya shigo tsakar gida sai in tuna ina da aiki a ɗaki. Na yi tunanin in saci hanya in tafi, har na ƙulle ɗan kayana na tura ƙarƙashin gado. Ba tsoronsa ne ya hana ni ba. Duk lokacin da na kai hannu ga ƙullin sai in tuna koramar nan, in tuna ukun da suka tafi, sai in mayar. Wata safiya Gwaggo ta zo da kwallarta ta same ni ina kuka, na kau da kai na ce yau ba zan iya haɗiyar komai ba. Ta zauna a bakin gado, ta buɗe murfin, ta ɗora ja da rawaya a tafin hannuna ta naɗe yatsuna a kansu.

"Fushinki da ɗana ne, kuma ban hana ki ba, ni ma ina yi," ta ce. "Amma wanda ke cikin nan bai yi miki komai ba."

Na sha.

Inna ta rasu gero yana fitar da kai. Da hantsi aka aiko, lokacin an riga an kai ta. Babanku ya tafi gaisuwa shi da Gwaggo, ni aka bar ni da matan maƙwabta, a nan aka yi ta zuwa yi mini ta'aziyya. Da suka dawo Gwaggo ta ce mini 'yan'uwana ba su ko amsa masa gaisuwa da kyau ba, ya zauna a gefen tabarma shi kaɗai har aka shafa fatiha. A raina na ce ya yi masa daidai. Ya zo ƙofar ɗakina ya tsaya ya ce Allah ya jiƙan Inna, ya ba ni haƙuri. Na ce amin ban ɗago ba.

Cikin ya wuce bakwai, ya wuce takwas, ya cika tara. Naƙuda ta zo mini da safe ana shanya wake a tsakar gida, kafin la'asar na sauka a asibiti, Sista Talatu tana kaina. Abin da na fara ji shi ne kuka. 'Yan'uwanta uku da ƙyar ake jin nasu, kamar 'yan kyanwa, amma wannan ta buɗe murya har Gwaggo da ke waje ta ji. Aka ɗora ta a sikeli, Sistar ta ce cikakkiya ce, ba abin da ta rage. Ni kuma na zubar da jini da yawa bayan haihuwar, suka yi ta kai da kawo a kaina kafin ya tsaya. Da na dawo hayyacina ta ce mini da jinin da na fara zuwa da shi ne, da labarin ya sha bamban. Gwaggo ta karɓi jaririyar ta ɗaga ta sama kaɗan tana gwada nauyinta, ta ce da Sistar:

"To ƙawata, ga ƙatuwar, kuma ba a yanka kowa ba."

Ranar suna babanku ya sa mata Hajara, sunan Inna, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidan nan, muke ce mata Ummi. Daga ƙauye ba wanda ya zo sai wata ƙanwar mahaifina. Gwaggo kuwa ta ƙi kiranta Ummi, sai Ajuji, sunan da ake sa wa 'ya'yan wabi don a nuna kamar ba a damu da su ba, ko mutuwa ta kau da kai. Ba ta daina ba sai da yarinyar ta fara tafiya. Kwanakin jegon nan ban san daɗinsu ba. Ina wanka, ina shan kunun kanwa, ina ci gaba da shan jar ƙwayar kamar yadda aka ce, amma rabin hankalina yana kan ƙirjin Ummi, ina duba ko yana ɗagawa. Ita kuwa ba abin da ta sani sai tsotso da barci da cika zane. Ta wuce inda na farko ya tsaya. Ta wuce inda Aisha ta tsaya. Muka yi arba'in.

Washegarin arba'in da hantsi, babanku bai fita shago ba. Ya yi sallama a ƙofar ɗakina ya shigo da wani ƙunshi a hannu, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya kwance ƙunshin, sai ga majanyin Inna, saƙi mai ratsin baƙi da fari wanda ta goye mu da shi duka. Ko a cikin dubu zan gane shi. Na tambaye shi inda ya samo.

"Ita ta ba ni, ranar da na je," ya ce. "Ta ce kada in ba ki sai abin da kika haifa ya yi arba'in. Akwai kuma saƙo."

Ya ce da ya isa ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, kamar yadda ya saba, don tsakaninsa da ita ba a taɓa wuce gaisuwa ba. Sai ta aiki Yaya Lawal ya kira mata wani a bayan gari, ta ce da babanku ya ɗaga asabari ya shigo. Ta tambaye shi jikina, ya gaya mata komai, jirin da faɗuwar da maganin da abin da Sista ta ce game da tafiya. Ga abin da ta ce, yadda ya faɗa mini, kuma ban canza ko kalma ba:

"Malam, ni na san tahiya ta zo. Kada ka bar Auta ta taka hanyar ga. Huɗu na rufe kahin Lawal shi tsaya, na san abin da ke cin ɗiyata. Ni ta gan ni shekara da shekaru, wanda ke cikin ne ba ta gani ba. In ka ce ni na hana, za ta gane mi ke nan, ta taso ko da ƙafa. Ka ce kai ka hana. Kada ka gaya ma Lawal, bakinshi ba ya riƙe magana. Za su yi hushi da kai, ka ɗauka don Allah."

Ban san lokacin da na sauko daga gado ba. Na rungume majanyin, ƙamshin hayaƙin ɗakinta yana nan a jikinsa. Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarta. Da na samu numfashi na ce masa ya yafe mini, wata da watanni ina juya masa baya a gidansa.

"Ba ki yi mini komai ba," ya ce. "Da ba ki yi fushin ba, da na san ban iya aiken ba."

Na sha tambayar kaina ko ƙwayoyin nan ne suka raya Ummi. Allah ne mai rayawa, kuma na san matan da suka sha suka rasa, na san waɗanda ba su sha ba suka samu. Amma na san jikin da na haifi uku da shi, na san wanda na haifi Ummi da shi, ba ɗaya ba ne. Ku biyar da kuka biyo ta ba wanda ban je awonsa ba, ba wanda ban sha magani a cikinsa ba, ga ku nan kuma. Yanzu na ga an sauƙaƙa, ƙwaya ɗaya ake ba wasunku a kwalba ta haɗa abubuwa da yawa. Don haka in na dame ku da tambaya, ku mata da matan 'ya'yana, ko kun sha ta yau, ku yi haƙuri da ni. Da tsada muka same ta a gidan nan.

Bayan an gama girbi muka tafi ƙauye, ni da babanku da Ummi a bayana cikin majanyin Inna. Na shiga ɗakinta, an kwashe komai sai gadon kara da randa. Na zauna na yi mata addu'a. Sannan na sami Yaya Lawal na gaya masa duk abin da kuka ji yanzu, na nuna masa majanyin. Ya karɓi Ummi ya riƙe ta ya daɗe yana kallon fuskarta, har idonsa ya kawo ruwa. Amma ya ce majanyi ba shaida ba ne, kuma wanda ya mutu ba ya tashi ya ƙaryata mai rai. Bai fita ya ce wa babanku ya shigo ba, yana can zaune a gindin bishiyar bedi a ƙofar gida har muka yi sallama. A hanya na ce zan sami dattawan gidanmu in yi musu bayani, a tara su a wanke shi. Ya ce in bari.

"Lawal shi ya yi jinyarta, shi ya ga wahalarta," ya ce. "Wanda ya rasa uwa yana neman inda zai ajiye zafin. In a kaina ya ajiye, ya fi ya ajiye a kanki, ko a kanta."

Muka iso koramar. Ruwa ya janye, sai yashi mai zurfi da ɗan rafi a tsakiya wanda bai wuce idon sawu ba. Babur ba ya tafiya da mutum biyu a yashi, dole muka sauka. Ya tura shi ya kai hayi ya kafe, sannan ya dawo inda nake ya ce in kwanto yarinyar, kada in zame da ita. Kun san yadda mazan lokacin suke da kunyar ɗan fari, tunda aka haife ta ban taɓa ganin ya ɗauke ta a gaban mutane ba. Na kwanto ta na miƙa masa. Ya karɓe ta da hannu biyu, sai na ga ya tsaya cak. Na tuna cewa jarirai uku da ya ɗauka a baya, duk ba su motsa a hannunsa ba. Ummi ta miƙa hannu ta cafki gemunsa ta ja. Ya bar ta tana ja, ya shiga ruwan a hankali yana duba inda zai sa ƙafa, ni ina biye da takalmanmu a hannu.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Gwaggo, ya jiƙan babanku, ya sa abin da ya ɗauka ya tarar da shi a mizani.